Koren shayin da nake yi wa Baba yana ɗaci kamar maɗaci, ina kuskuren yake?

Maman Sadiya, Ringim:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san koren shayi. Baban maigidana ne aka auna a asibiti wata biyu da suka wuce, aka ce yana da ciwon suga, aka hana shi sukari. Shi kuwa Baba tun yana saurayi ba ya karyawa sai da shayi. Da aka cire masa sukari da madarar gwangwani sai ya bar shan gaba ɗaya. Da safe sai dai ya zauna a zaure shiru, ko kunun ma ba ya shanyewa. Ƙanin maigidan ya shiga Kano ya sayo masa kwalin koren shayi a kasuwar Singa, irin wanda ganyensa yake a dunƙule kamar 'ya'yan kuɓewa. Ni ke haɗa masa. Nakan zuba cokali biyu a buta, in ɗora a kurfoti ya yi ta tafasa kamar yadda nake yi wa baƙin shayi, in tace in aika masa. Wallahi kurɓa ɗaya yake yi ya ajiye. Na ɗanɗana da kaina, ɗaci kamar maɗaci, ga bauri har harshe ya kama. Baba ba ya cewa komai saboda kawaici, amma kullum kofin a cike yake dawowa. Abin yana damuna ƙwarai. Ganyen ne ba shi da kyau, ko daga hannuna ne?

Ɗan Maigatari:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Baba lafiya. Hajiya ba ki yi kuskure wajen tafasawa ba, haka ake dafa shi. Wannan ganyen da kika kwatanta shi ne na shayin Buzaye, a gabana na tashi ina gani. Duk ranar Alhamis in kasuwarmu ta ci, za ki ga 'yan Nijar a rumfunan kara kowa da 'yar butarsa a kan gawayi. Ganye ɗaya ake dafawa sau uku. Na farko mai ƙarfi ne, sai mai jini a jika. Na biyu ya ɗan sauko. Na uku kuwa har yara ana ba su. Kowane zagaye ana zuba sukari, ana ɗaga butar sama ana tsiyayawa a finjali, a mayar, a sake tsiyayawa, har kumfa ta tashi. Abin da ya rage miki sukari ne kawai da na'a-na'a.

Maman Sadiya, Ringim:
Na gode Yaya. To ai sukarin ne aka hana shi, shi ya sa na rasa yadda zan yi.

Ɗan Maigatari:
Af, haka ne fa. To gaskiya ba tare da sukari ba, na farkon nan ko ni ba zan iya shanye shi ba.

Malamin Kimiyya, Gaya:
Maman Sadiya, ganyenki lafiyarsa ƙalau. Wuta ce ta yi masa yawa. Bari in ɗan yi bayani, a yi haƙuri da tsawonsa.

Koren shayi da baƙin shayi duk ganyen bishiya ɗaya ne. Wajen sarrafawa suka rabu. Baƙin shayi in an tsinko shi ana murje shi a shanya, iska ta shige shi har ya yi duhu, kamar yadda goro ke yin ja in an ɓare shi an ajiye. Shi kuwa kore, da an tsinko ake hanzarta gasa shi, a ƙasar Sin a babban kasko, a Japan da turiri, don a hana shi wannan rikiɗar. Shi ya sa ya zauna da korensa, kuma shi ya sa sinadaran da ke kawo ɗaci da bauri suna nan cikinsa da yawa. Tafasasshen ruwa yana fizgo su gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. In kika bar shi yana tafasa a wuta kuwa, kin tatso duk wani ɗaci da ke cikin ganyen. Buzaye sun san haka, da gangan suke yi, sai su kashe ɗacin da sukari mai yawa. Ke da ba za ki sa sukari ba, dole ki hana ɗacin fitowa tun farko.

Ga yadda nake yi a gida. Ki tafasa ruwa shi kaɗai, babu ganye. In ya tafasa ki sauke, ki buɗe murfin, ki bar shi ya sha iska kamar minti biyar. Zafin da ake so tsakanin digiri 70 ne zuwa 80, shi kuwa tafasasshen ruwa yana kusan 100. Ki zuba ganye ƙaramin cokali ɗaya a shafe, ba a tsotse ba, ga kofi ɗaya. Wannan mai dunƙulen yana da nauyi, in ya buɗe za ki sha mamakin yawansa, cokali biyun da kike sawa ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ki zuba ruwan a kai, ki rufe, ki duba agogon wayarki. Minti biyu, in ya yi yawa uku. Sai ki tace DUKA, kada ki bar ko kaɗan a kan ganyen. Launinsa zai fito ruwan ɗorawa-ɗorawa mai haske. In kin ga ya yi ja kamar ruwan jiƙon kanwa, ya wuce.

Inna ta Ɓaɓura:
Malam, ni dai ban gane ba. Shayin da ba a dafa ba ai ɗanye ne. Mu tun tasowarmu ganye sai ya dahu ake sha, ko na magani ne. Kada a je a ba dattijo abin da zai murɗa masa ciki.

Malamin Kimiyya, Gaya:
Inna, Allah Ya ƙara girma. Ganyen ai a gashe ya zo tun daga inda aka yi shi, ba ɗanye ba ne. Abin da ya wajaba ya dahu shi ne ruwan, musamman mu da ke shan na rijiya. Shi ya sa na ce a tafasa shi tukuna sannan a bar shi ya huce, ban ce a ɗumama shi kawai ba. Kamar zoɓo ne Inna, ai kin san wasu ba sa dafa shi, jiƙa shi suke yi a ruwan zafi, kuma yana fita.

Inna ta Ɓaɓura:
To in dai ruwan ya tafasa, da sauƙi. Amma ni zoɓona dafa shi nake yi.

Amaryar Gwaram:
Malam tambaya. Da safe ga yara za su makaranta, ga ɗora koko, wa yake da lokacin tsayawa jiran ruwa ya huce minti biyar? Kuma lokacin hunturu ai ya fi saurin hucewa a kan lokacin zafi. Babu wata dabara?

Malamin Kimiyya, Gaya:
Akwai, ki sirka shi kamar ruwan wankan jariri. Kashi uku na tafasasshe, kashi ɗaya na sanyi. In kin lissafa, uku a digiri 100 da ɗaya a wajen digiri 25 zai ba ki kusan 80 daidai. Amma ruwan sirkin ya zama wanda aka taɓa tafasawa ya huce, ko mai tsabta da kika yarda da shi, kada ki ɗebo daga guga ki zuba. Wata dabarar kuma, ki juye ruwan daga buta zuwa kofi, daga kofi zuwa wani kofin, sau biyu ko uku. Duk juyi ɗaya yana rage zafi. Maganarki ta hunturu gaskiya ce, in ana iska minti uku ma ya isa.

Mutanen Sin na da, da babu ma'aunin zafi, da ido suke ganewa. In ƙananan ƙwayoyin iska sun fara taruwa a gindin tukunya suna tasowa ɗaya-ɗaya, sukan ce ruwa ya yi idon kifi. Ina son wannan kwatancen, don duk macen da ta taɓa ɗora ruwan tuwo ta san wannan lokacin, lokacin da tukunya ta fara kuka ba ta kai ga tafasa ba. Sai dai mu saboda yanayin ruwanmu, gara a wuce nan a tafasa, a dawo baya.

Ɗan Maigatari:
Malam da girmanka, amma wannan da kake kwatantawa ruwan ɗumi ne mai kala. Mutumin da ya shekara hamsin yana shan shayi mai kauri za ka miƙa wa wannan? Kuma yadda kake magana kamar duk mutanen da ke dafa shi daga nan har Agadas ba su iya ba ne. Ni kakana da shi ya yi fatauci, finjali uku yake sha ya wuni a kan raƙumi.

Malamin Kimiyya, Gaya:
Subhanallah, ban ce ba su iya ba ɗan'uwa. In haka maganata ta fito, a yafe ni. Na sha shayin Buzaye a Kano wajen masu gadi, na kuma san daɗinsa, ga zaman da ake yi a kansa, awa biyu ana hira ana jiran na uku. Wancan fanni ne mai zaman kansa, kuma sai gwani. Abin da nake cewa, an gina shi ne a kan sukari. Ka cire sukarin, ginin ya rushe, kai ma ka faɗa da bakinka ɗazu. Baba kuma ba shi da damar sukari.

Ɗan Maigatari:
Wannan na yarda. To bari in ƙara muku abu ɗaya da ba ka faɗa ba, wanda mu muke yi. Kafin a fara, ana wanke ganyen. Ki zuba masa ruwan zafi kaɗan, wanda zai rufe shi kawai, ki jujjuya butar kamar ƙirga goma, ki zubar. Ƙura da garin ganyen da ya karye su ne suka fi ɗaci, su za su tafi. Kuma dunƙulen zai fara saki. Sannan Hajiya kada ki zubar da ganyen bayan kin tace. Ko a jiƙe ne yana ba da na biyu, wani lokacin har na uku, kuma na biyun ya fi laushi.

Malamin Kimiyya, Gaya:
Madalla, wannan gaskiya ne, na manta. A na biyun sai a ɗan ƙara lokaci, kamar minti uku zuwa huɗu. Amma a yi shi a wannan safiyar, kada jiƙaƙƙen ganye ya wuni a zafin nan namu.

Maman Sadiya, Ringim:
Allah Ya saka da alheri duka. Wata tambayar: nakan haɗa masa a filas tun asuba da ganyen a ciki, don in ya so da hantsi ya ƙara. Shi ma kuskure ne ke nan?

Amaryar Gwaram:
Anti ai nan ne ma babbar matsalar, ni ma na taɓa yi. Ganye a filas awa huɗu, ko baƙin shayi ne sai ya yi bauri. Ki sa ruwan zalla a filas, in zai sha a haɗa sabo. Ruwan filas ɗin da ya ɗan jima ma zafinsa ya sauko daidai yadda Malam yake so, kin huta da sirki.

Ma'aikaciyar Jinya, Jahun:
Salamu alaikum. Na karanta duka, ina so in sa baki ta ɓangaren lafiya, don akwai abin da nake gani kullum a wurin aiki.

Na farko, Maman Sadiya, don girman Allah kada kowa ya ce wa Baba koren shayi maganin suga ne. Abin sha ne mai kyau in babu sukari, iyakarsa ke nan. Na ga dattawan da suka ajiye ƙwayoyinsu saboda an ce musu wani ganye ya isa, aka dawo da su a kwance. Ya ci gaba da shan maganinsa, ya ci gaba da zuwa awo.

Na biyu, na san wani zai ce a sa zuma ko mazarƙwaila ko dabino a madadin sukari. Duk suna ɗaga suga a jini. Kada a sa masa sai da sanin likitansa.

Na uku, wannan ga mata ne musamman. Shayi, kore ko baƙi, yana rage wa jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe daga abinci irin su wake, zogale da alayyahu, wanda da shi jiki ke yin jini. Mace mai juna biyu ko mai ƙarancin jini kada ta kora abinci da shayi, kada kuma ta sha ƙwayar ƙarin jini da shi. A ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. Yana kuma da kafin, sinadarin nan mai hana barci. Kofi ɗaya na jiƙaƙƙe yana da wajen miligiram 30, bai kai na gahawa ba, amma wanda aka dafa ya yi kauri ya fi haka nesa. Masu ciki shawarar da aka fi bayarwa kada su wuce miligiram 200 a rana. Baba kuma kada a ba shi bayan magariba in yana fama da barci. Wasu in sun sha mai ƙarfi ba su ci komai ba yakan tayar musu da zuciya, to ya fara sa wani abu a cikinsa.

Hajiya Mai Atamfa, Wudil:
Sister tunda kin zo, ni tambayata ta rage ƙiba ce. Wata ta kawo mana wani shayi gida-gida, ta ce koren shayi ne na rage tumbi. Na sha kwana uku, wallahi ban da zagayawa babu abin da nake yi, har jiri nake gani.

Ma'aikaciyar Jinya, Jahun:
Hajiya ki daina sha yau ɗin nan. Koren shayi na gaskiya ba ya sa gudawa irin wannan. Da yawa daga cikin masu cewa na rage ƙiba ne ana haɗa su da filasko, kin kuwa san aikin filasko. Ruwan jikinki ne ke fita, ba kitse ba, in kin sha ruwa nauyin ya dawo. Ki haɗa ruwan gishiri da sukari ki sha, in jirin bai tsaya ba ki je asibiti. Shi koren shayin kansa abin da yake ragewa na ƙiba kaɗan ne ƙwarai. Wadda ta bar shayi mai madara da cokali huɗu na sukari ta koma wannan za ta iya ganin canji, amma barin sukarin ne ya yi aikin.

Hajiya Mai Atamfa, Wudil:
Innalillahi. Na gode ƙanwata, yanzu zan sa a zubar.

Direban Mambila:
Ni ɗan Sumaila ne amma ina ɗaukar kaya zuwa Gembu. Don a sani, mu ma Najeriya ana noman shayi, a kan tsaunin Mambila a jihar Taraba, wajen Kakara. Na tsaya a gonar da idona, bishiyoyin gajeru ne iya ƙugu, an aske kansu bai ɗaya, ga sanyi ga hazo. Saman ganyen kawai ake tsinka, sabon toho. Ganyen shayin nan mai suna Highland Tea daga can yake. Amma wannan mai dunƙulen na kasuwa daga Sin ake kawo shi, ku duba kwalin za ku ga lamba, wani 3505, wani 41022. Mai 3505 shi ne dunƙulalle, mai 41022 ganyensa a lanƙwashe yake siriri.

Maman Sadiya, Ringim:
Na duba, 3505 ne a jikin namu.

Malamin Kimiyya, Gaya:
To shi ne. Yawancinsa daga lardin Zhejiang yake fitowa, kuma shi mutanen Maroko ke haɗawa da na'a-na'a. Naɗin da aka yi masa yana sa ya daɗe bai sane ba, shi ya sa ya karɓu a hanyar Sahara. Amma in kin buɗe kwalin ki juye a gwangwani ko kwalba mai murfi, ki sa a inuwa. Kada ki ajiye shi kusa da daddawa ko yaji ko turaren wuta, ganyen shayi yana zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi. Kuma ki yi ƙoƙari ya ƙare cikin 'yan watanni.

Baban Khalifa, Kafin Hausa:
Malam ni na bi duk wannan tun da daɗewa amma nawa yana yin duhu, har wani abu kamar mai yakan kwanta a samansa. Ruwan burtsatsenmu yana da ɗan gishiri-gishiri, sabulu ma ba ya kumfa sosai. Ko shi ne?

Malamin Kimiyya, Gaya:
Shi ne. Ruwan da sabulu ba ya kumfa a cikinsa yana da ma'adinai da yawa, su ke haɗuwa da shayin su yi wannan fatar a sama, su dusashe ɗanɗanon. Ka gwada da wani ruwan ka gani, ko na wata rijiyar ko na leda. In babu hali, ka ɗiga lemun tsami kaɗan bayan ka tace, za ka ga launin ya washe nan take.

Inna ta Ɓaɓura:
Ni abin da zan ce wa yarinyar nan, ki sa masa citta. Dattijo yana son abin da zai ji ya ratsa shi. Ki daka ɗanyar citta kaɗan da kanumfari biyu, su ki dafa su a ruwan sosai tunda su suna son wuta. In kin sauke ya huce kamar yadda malaminku ya ce, sai ki sa ganyen. Kin ga an dafa, an kuma jiƙa.

Malamin Kimiyya, Gaya:
Inna wannan ta fi tawa dabarar. Haka za a yi.

Maman Sadiya, Ringim:
Salamu alaikum, na dawo da bayani bayan kwana huɗu. Ranar farko na yi yadda Malam ya ce, na wanke ganyen kamar yadda Yaya na Maigatari ya ce, minti biyu na tace. Ɗacin ya tafi gaba ɗaya, ni kaina na sha. Baba ya shanye, amma ya ce wa jikansa a gaya min shayin ya yi ruwa-ruwa. Washegari na bi ta Inna, citta da kanumfari da ganyen na'a-na'a huɗu daga bayan randa. Da Sadiya ta je ɗauko kofi sai ya ce ta tambayo ko da saura. Na yi masa na biyu da ganyen. Jiya har maƙwabcinsa ya kira zaure suka sha tare. Wallahi har hawaye na yi a madafa. Sai dai har yanzu yana cewa da zai ɗan ƙara kauri da ya fi. In ƙara minti ne?

Malamin Kimiyya, Gaya:
Alhamdu lillahi. A'a, kada ki ƙara minti, ɗacin zai dawo. Ki ƙara ganye, cokali ɗaya da rabi, ko ki rage ruwan. Lokacin ya tsaya a minti biyu zuwa uku.

Ɗan Maigatari:
Kuma ki daina ba shi a babban kofi. Ki sa a nemo miki finjali na gilashi, ki rage ruwan ya zama rabi, ki ɗaga butar sama in za ki zuba. Ba zai yi kumfa kamar mai sukari ba, amma zai ɗan yi. In akwai mai zuwa Ringim daga nan ranar Alhamis ya yi min magana, zan ba da guda biyu a kai wa Baba, ɗaya nasa ɗaya na maƙwabcin.

Direban Mambila:
Ƙanina yana ɗaukar awaki daga Maigatari duk sati, ta Gumel yake bi. Zan ce ya neme ka.